Bindigogin da Na Kwantar a Ƙasa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni inda ban san kowa ba, ya kuma dawo da ni. Wannan labari da ajami na fara rubuta shi, a wani ɗan littafi da ya zauna cikin aljihun rigata shekara ɗaya da 'yan watanni a ƙasar Oman. Yanzu da nake zaune a zauren gidanmu a Fagam, sai na ga ya kyautu in juye shi zuwa boko, don matasan da ke zuwa suna tambayata hanyar fita waje su karanta da kansu.

Sunana Habibu. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, maƙeri ne, kuma rabin aikinsa gyaran bindigogin maharba ne, irin harba-ka-ruga. A gindin zuga-zuginsa na tashi, kafin a kai ni karatu Birnin Kudu, inda na yi sauka na kuma taɓa littattafai. Wani ɗan garin ne ya haɗa ni da tafiyar, ya ce ladanci zan yi da kula da masallaci. Ban ga masallacin ba har na dawo.

A filin jirgin Maskat wani mutum ya tare ni, fari, mai gajeren gemu, ƙamshin turarensa na riga shi isowa. Ya ce sunansa Halfan, shi ne kafilina, wato wanda sunansa ke kan takardun zamana a ƙasar. Tun ba mu kai mota ba ya miƙo hannu.

"Kawo fasfo in ajiye maka. Baƙi suna yawan zubar da shi."

Na gaishe shi da Larabcin da na koya a littafi, na ce na iya ajiya. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce bai taɓa jin littafi yana magana ba sai yau. Hannun nasa dai bai janye ba. Na ba shi. Na ga ya jefa fasfon cikin durowar gaban mota, inda na hango wasu fasfunan, kore da ja, an ɗaure su da roba kamar katin zaɓe. Daga wannan lokaci zuciyata ba ta ƙara kwanciya da shi ba.

Mun yi tafiya mai nisa cikin duwatsu masu launin toka, ba ciyawa ba itace, har muka isa wani ƙauye da ke cike da dabino. Nan gonar kawunsa take, wani tsoho mai suna Salim. Aikina shi ne buɗe wa ruwa hanya cikin lambu, da sare busassun rassa, da hawa dabino da igiya a kugu. Ni da na zo kiran salla, sai ga ni a saman itace ina jin wani yana kira daga nesa. Zafin garin kuwa, namu na bazara a Gwaram wasa ne.

Akwai mai dafa abinci a gidan, wani dattijo ɗan Bangaladash mai suna Nurul. Kullum idan ya ajiye mini faranti sai ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallona. Na ce a raina wannan shi Halfan ya sa ya riƙa kai masa rahoto. Har addu'a nake tofawa a abincin sau uku kafin in ci. Ashe hannuna yake kallo. Ya lura ina murƙushe shinkafar ina dunƙula ta kafin in kai baki. Wata rana sai ga shi da kwano a rufe. Na buɗe, na ga ya dafa shinkafa ta yi ligif, ya tuƙa ta, ya mulmula, ga miyar kuɓewa a gefe. Tuwo ne, ko da yake ba irin na Inna ba. Na ci ina share ido da bayan hannu. Duk da haka, Allah ya gafarta mini, da na gama sai da na tambayi kaina me yake nema a wurina.

Ina cikin wata na huɗu Halfan ya zo da wani dogon akwatin katako a bayan mota, ya kira ni in kama masa. Muka shige da shi wani ɗaki da ban taɓa shiga ba, mai ƙofar ƙarfe. Da aka kunna fitila, saura kaɗan in saki akwatin a ƙafata. Bango uku, daga ƙasa har sama, bindigogi ne a jere. Kuma ba irin na maharbanmu ba, na soja ne.

Wanda ya fito daga arewacin ƙasarmu a wannan zamani ya san abin da akwatin bindiga yake nufi. Na ce shi ke nan, Habibu, an kawo ka gidan masu sayar wa 'yan ta'adda makamai, ranar da asiri ya tonu kai baƙo za a tura gaba. Na fito na sami Nurul a madafa, na gaya masa cikin raɗa. Ya ajiye wuƙarsa ya yi ta dariya.

"Tsohon nan? Ko kurciya bai taɓa harbi ba. Tarawa yake yi, kamar yadda wasu ke tara agogo. Ba ka ga takardun 'yan sanda da ya rataye a bango ba?"

Na gan su, amma ban yarda ba sai da tsohon ya yi mini bayani da bakinsa. Ya ce idan sojan wata ƙasa suka sauya makamai, tsofaffin sukan yi shekaru a rumbu, daga baya a yi gwanjonsu. Halfan ne yake nemo masa su daga ƙasashen waje, ya yi musu takardu, ya shigo da su. Ya nuna mini ta Ingila, da ta Jamus, da ta Rasha, da wata mai rubutun Larabci a jiki da ya ce ta Masar ce. Yana shafa su kamar mai shafa wuyan doki.

Ya miƙo mini ɗaya. Ban san lokacin da na juya bakinta wajen bango ba, na ɗaga ta ina duban miƙewarta, na bi ƙotar da babban yatsa, na kai ta hanci. Tsohon ya zuba mini ido.

"A ina ka san bindiga, Malam?"

Na rantse masa ni ba soja ba ne, ba kuma ɗan fashi ba, ɗan maƙeri ne. Ya ce daga gobe in bar hawan dabino da hantsi, in zo in riƙa goge masa su ina shafa musu mai.

A nan sai na faɗi wata al'ada ta maƙerarmu, don ita ce tushen abin da ya biyo baya. Maharbi mutum ne mai girman kai, bindigarsa kuma mutuncinsa ce. Idan ya kawo ta a duba, ga mutane zaune, Baba ba ya cewa bindigarka ta lalace, ko an cuce ka a ciniki. Idan lafiyayya ce, sai ya miƙa masa da hannu biyu. Idan akwai aibu ko algus, sai ya kwantar da ita a ƙasa a gabansa, ƙota ta fuskanci mai ita, ya koma kan aikinsa bai ce komai ba. Mai ita ya gane, ya ɗauka, ya dawo shi kaɗai daga baya su yi magana. Haka na tashi na gani, haka hannuna ya saba, ba tare da na taɓa zama na yi tunani a kai ba.

Bindigogin da na fara gogewa na gaskiya ne. Tsohuwar bindiga tana da warinta, na daskararren mai da ya shekara a rufe. Ƙotarta ta yi sumul a inda tafin hannu da kumatun soja suka daɗe suna gogawa, sauran wurin kuma yana nan da kaushinsa. Wata ma na ga an yi mata zane uku da wuƙa, na yi ta tunanin ko ɗan wace uwa ne ya yi su, ko ya koma gida.

Amma akwatunan da Halfan ya riƙa kawowa daga baya, wasu a ciki ba su kwanta mini ba. Da na kai hanci sai in ji hayaƙi. Baƙin ƙotar ya shiga ko'ina daidai, har lungun da hannu ba ya kaiwa. Na sa farce a ƙarƙashin wata, sai ga farin katako sabo. Tsatsar ƙarfen ma iri ɗaya ce daga kai har gindi, kamar wadda aka jiƙa da ruwan gishiri. Na san wannan aiki. Baba ma yakan rataye sabuwar ƙota a saman murhun Inna ta sha kunkunniya, saboda maharba ba sa son a yi musu ba'a da sabuwar bindiga. Bambancin shi ne Baba yana gaya wa mai ita. Waɗannan kuwa an ce wa tsoho sun haura shekara ɗari.

Wata rana Halfan ya shigo ya same ni da ƙota a hanci. Da la'asar ya ce in raka shi cikin gari ɗauko taki. Muna kan hanya ya rage sautin rediyo.

"Habib, ka cika shinshine-shinshine. Kare ne kai?"

Na ce mai nake dubawa, ko ya bushe.

Ya miƙa hannu ya buɗe durowar nan, ya bar ni na ga koren fasfona, ya rufe. "Kawuna tsoho ne, abin da ke faranta masa rai nake kawo masa. Kai kuma goge-goge aka sa ka. Idan na kira 'yan sanda na ce bindiga ɗaya ta ɓata a ɗakin nan, kana ganin wa za su kama? Ni, ko baƙon da ya fito daga ƙasar da kullum labarinta bindiga ne?"

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

"Madalla. Littafi ya fahimta."

Na kama bakina wata takwas. Ba zan ce na ji daɗin kaina ba. Ina cin abincin mutum, ina salla a bayansa, ina kallo ana cutarsa. Idan na yi niyyar magana sai in tuna muryar Inna a waya. Kullum tambayarta ɗaya ce.

"Habibu, yaushe za ka taho? Yayanka ya ce sai baɗi. Ni fa ƙafar nan ta fara ƙi, kada ka zo ka tarar da ƙasa."

"Inna, daina faɗin haka. Ina nan tafe in Allah ya so."

"Kana samun tuwo kuwa?"

"Ina samu, Inna. Wani ɗan Bangaladash ke tuƙa mini."

"Namiji? To, Allah ya sawwaƙe. Ka dawo gida."

Hanyar gida kuwa tana cikin durowar motar Halfan.

Cikin waɗannan watanni tsoho Salim ya canza mini. Da yakan bar ni ni kaɗai a ɗakin, yanzu sai ya sa a kawo masa kujera da butar gahawa, ya zauna yana jan carbi, idonsa a kan hannuna. Ya ce duk wadda na gama gogewa in kawo masa ya gani kafin a mayar. Sannan na fara ganin jan zare ɗaure a jikin wasu bindigogin. Na ce tarko ne, alama yake sawa don ya gane idan na taɓa ko na sauya wani abu. Wata rana ɗan littafina ya faɗo daga aljihu, ya ɗauka ya buɗe. Ya ga haruffan Larabci, ya yi ƙoƙarin karantawa, bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya mayar mini. Nurul kuma ya gaya mini tsohon ya tambaye shi ko ina fita, da wa nake magana, ko Halfan yana kirana gefe. Na tabbata Halfan ya riga ya fara shuka mini sharri. Na ɗaure 'yan kayana a jaka na ajiye bayan ƙofa, ko da yake ban san inda mutum zai gudu ba fasfo ba.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, gidan ya cika da baƙi, dattawan ƙauyen da wasu daga birni. An ci shinkafa da naman akuya, ana zagayawa da gahawa da dabino. Halfan ya shigo da akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle a ciki, ya buɗe a tsakiyar ɗakin. Ya ce wannan ta sojan Turkawa ce na zamanin daula, ya sha wahala kafin ya raba ta da mai ita, babu irinta a duk yankin. Dattawa suka yi ta cewa masha Allah.

Tsohon bai taɓa ta ba. Ya ce a kira Malam.

Na shigo na durƙusa na gaishe su. Ya nuna mini akwatin da haɓa. Na ɗauko ta. Ban ma kai ta hanci ba hayaƙin ya iso ni.

Sai tsohon ya ajiye ƙaramin kofinsa ya ce, yadda kowa zai ji, "Jama'a, wannan baƙon nawa yana da wata ɗabi'a. Na yi wata takwas ina kallonsa. Idan ya gama goge bindiga, wata ya miƙo mini da hannu biyu, wata ya kwantar mini a ƙasa, sai na sunkuya da wannan bayan nawa na ɗauka. Da fari na ɗauka rashin ladabi ne. Sai na riƙa ɗaura zare a kan waɗanda ya kwantar. Na aika da biyu birni wurin wani masani, ya dawo mini da amsa." Ya juyo gare ni. "To, Malam. Wannan fa? Ba ni ita."

Wallahi sai a lokacin na san abin da hannuna yake yi. Ni ina ganin na rufe bakina na tsira, ashe Baba yana nan cikin hannuwana yana ta magana.

Na dubi Halfan. Murmushi yake yi, amma ya fito da makullin motarsa yana juya shi a yatsa, yadda zan gani. Na gane saƙon. Idan na miƙa ta da hannu biyu, duk zancen zare ya rushe, a ce tsoho ya rikice, ni kuma wata rana in ga Inna. Idan na kwantar, Allah kaɗai ya san inda zan kwana. Bindigar ta yi mini nauyi kamar uwar maƙera. Na ɗaga ta har na fara miƙawa, sai na tuna ban taɓa ganin Baba ya miƙa wa mutum ƙarya da hannu biyu ba, ko da mutumin zai zage shi, kuma wannan tsoho bai taɓa ci ya hana ni ba. Na yi hasbunallahu a zuci. Na sunkuya na kwantar da ita a kan darduma, ƙota tana fuskantarsa.

Halfan ya miƙe tsaye. Ban san Larabci yana da zagi da yawa haka ba, babu ko ɗaya a littattafan da na karanta. Ya ce ni ɓarawo ne, matsafi ne, a duba aljihuna akwai littafin sihiri, da shi na juya kan kawunsa. Ya ce kafin rana ta faɗi 'yan sanda za su zo. Tsohon ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ɗauki kayanka, ɗan 'yar'uwata. Ka gaida mahaifiyarka." Baƙi suka fara neman takalmansu.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai daɗi. Mako uku na yi ban san matsayina ba. An kulle ɗakin bindigogi, aka mayar da ni kan dabino. Tsohon ya daina yi mini magana, in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Mata suna ta shigowa gidan daga dangi, ana jin muryoyi suna tashi. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in ce 'yan sanda ne suka zo. Na ce a raina jini ya fi baƙo, za su shirya a tsakaninsu, ni za a ɗora wa laifin. Nurul yana kawo tuwo, ina mayar masa da rabi. Ya ce in ci, wanda za a kama ma gara a kama shi da ƙoshi.

Ranar da ta cika mako uku, da hantsi, aka ce tsoho yana kirana. Na same shi a ɗakin bindigogin shi kaɗai. Bangon ya yi giɓi-giɓi, duk masu jan zare an sauke su. Tsohon ya rame.

Ya ce, "Malam, me ya sa ba ka gaya mini da baki ba?"

Na ce, "Tsoro, Baba. Fasfona yana hannunsa."

"Ni kuma na zaci da kai aka haɗa baki. Shi ya sa na tambayi mai dafa abinci." Sannan ya ce, "Ba zan iya riƙe ka ba. 'Yar'uwata ta rantse ba za ta ƙara taka gidan nan ba muddin kana ciki, kuma ita kaɗai ta rage mini. Jirginka jibi ne."

Wato aikin ya ƙare tun wa'adi bai cika ba, zan koma gida ba tare da abin da na fita nema ba. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar. Na yi sauri zan taimaka masa, ya hana ni. Ya jingine sandar a bango, ya sa hannu a aljihu ya fito da koren fasfona, ashe ya karɓo shi daga wurin Halfan. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya miƙo mini.

Na karɓa da hannu biyu.

Na sauka a Birnin Kudu ranar kasuwa, na shiga motar Gwaram, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Fagam. Na sami Inna a kan tabarma tana tsince wake. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Bangaladash ɗin nan bai iya tuwo ba." Ta yi wata goma sha ɗaya bayan dawowata, ni na sa ta a kabarinta da hannuna. Allah ya haskaka makwancinta, ya haɗa ta da Baba a gidan rahama.

Na sake hura wutar maƙerar. Kwanan baya wani maharbi daga Wurno ya kawo mini bindigar da ya saya, yana ta yabonta a gaban mutane. Na duba, na kwantar masa a ƙasa. Ya ɗauka ya tafi. Da yamma ya dawo shi kaɗai.